Askar da Baba Ya Wasa wa Jikarsa

Shekarun baya, lokacin da cikina na fari ya tsufa, mijina ya sa ni a mota daga Bawku zuwa gidanmu a Salaga, don in haihu a gaban iyayena kamar yadda aka saba. Na iso ƙafafuna a kumbure, ga buhun albasa da surukata ta dage sai na kai tsaraba. Ina sauka na ji ƙamshin doyar da ake gasawa a bakin tasha, sai na manta da duk wahalar hanya.

Mahaifina wanzami ne, ɗan wanzami. A zangon Salaga, wato unguwar Hausawa, da wuya ka sami gidan da bai taɓa shiga da zabirarsa ba, wato jakar fatar nan da yake zuba asake da ƙaho. Manyan mutane masu gemu suna durƙusa masa a hanya, don shi ya yi musu askin suna suna jarirai. Ƙannena duka shi ya aske su da hannunsa. Ni kaɗai ce bai yi wa ba.

Dalili kuwa, ni ce 'yar fari, kuma gidanmu na tsofaffin Hausawa ne da ba su saki kunyar ɗan fari ba. An ba ni labari cewa ranar sunana tun da sassafe ya sulale ya tafi Kete Krachi, wai zai sayo kifi, kifin da har yau ba wanda ya gani. Abokinsa na Yendi, wanda suka koyi wanzanci tare a hannun kakana, shi ya yi mini aski. Tun daga nan Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama ni ce "yarinyar nan", da na yi aure na koma "mutanen Bawku". Ina zaune a gabansa zai dubi mahaifiyata ya ce, "Ki tambayi mutanen Bawku ko sun zo lafiya." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Mma, ki ce lafiya lau." Ita Mma tuni aikin gida ya cire mata tata kunyar, sai ta ce, "Ai kun ji juna, ni ba tafinta ba ce."

Washegarin zuwana muna tsakar gida da safe, Baba yana kan kujerarsa yana shan koko da ƙosai, yana ba Mma labarin wani maƙwabci. Yana tsakiyar magana kafaɗarsa ta dama ta zabura, hannun ya yi sama kamar wanda wutar lantarki ta ja. Kokon ya tashi ya wanke masa gaban riga. Idonsa biyu, hankalinsa garau, bai faɗi ba, bai suma ba. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Ya dubi rigar, ya kaɗe ta da ɗaya hannun, ya ce, "Ana zancena a Yendi." Sai ya ci gaba da labarinsa daga inda ya tsaya. Na dubi Mma, ita kuma ta dubi murhu.

A madafa na tsare ta da tambaya. Ta ce tun daminar bara abin ya fara. Ba ya yi masa ciwo, kuma ba ya sallama kafin ya zo. Wata rana zai wuni lafiya ƙalau, wata rana kuma ya yi ta fizgarsa, kafaɗa, hannu, wani lokaci har wuya. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an murza shi da man kaɗe har fatarsa ta yi sheƙi. Shi da kansa ya sa aka yi masa ƙaho. Daga baya ƙanena ya kai shi asibiti, likita ya ce ba farfaɗiya ba ce, jijiyoyi ne suke kai wa naman jiki saƙon da ba wanda ya aike su. Ya ba shi magani, kuma maganin yana rage abin, sai dai yana sa shi gyangyaɗi da rana tsaka. Baba ya ce shi bai san wanda ya fi haɗari ba, wanzami mai zabura ko wanzami mai barci.

"To aiki fa?" na tambaya.

"Ya daina, amma bai ce ya daina ba," in ji Mma. "In an zo kiransa sai ya ce yaran yanzu sun fi son inji, ya tura wani. Mutane suna cewa ya yi girman kai ne. Ya gwammace su ce haka."

Abin da bai daina ba shi ne wasa aska. Akwai wata aska ta kakana mai baƙin marfi, da ita aka aske duk 'ya'yan gidan. Kullum ya gama karyawa sai ya ciro ta, ya shimfiɗa fata a cinyarsa, ya yi ta goga ta sannu a hankali, sannan ya gwada ta a gashin damtsensa. Ranar da na fara ganin haka ya yi magana ba tare da ya ɗago ba. "Ki gaya wa mutanen Bawku su riƙe mini amaryata da kyau. Ta zo da gashi da yawa, ni zan sauke mata shi." Tun ba a haihu ba ya yanke cewa mace ce, kuma matarsa ce, irin wasan kaka da jika. A nan na gane abin da yake jira. Kunya ta hana shi yi mini, amma tsakanin kaka da jika babu kunya. Shekara da shekaru yana ajiye da wannan askin.

Allah Ya sauke ni lafiya, kuma mace ce kamar yadda ya faɗa. Gashi kuwa sai ka ce an yi mata oda, baƙi wuluk, har ya rufe mata kunne. Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta zo yi mini wankan jego, ta kai masa jaririyar zaure. Daga ɗaki ina jin dariyarsa. Gwaggo ta dawo ta ce bai yarda ya karɓe ta ba, ya ce a riƙe masa ya gani.

Ni kuwa farin cikina ya gauraye da tsoro. In na ɗora ta a cinya sai in zuba wa maɗigarta ido, wurin nan mai laushi a tsakiyar kai da ke bugawa sama da ƙasa. Sai in tuna yadda kokon nan ya tashi sama. Nono ma sai da Gwaggo ta riƙa tuna mini in ba ta, don hankalina yana can kan askar.

Na ce wa Mma ta yi masa magana. Ta ce, "Ni da na zauna da shi tun ina budurwa, in dubi idonsa in ce masa hannunsa ya mutu? Ba zan iya ba." Na ce wa Gwaggo, ta ce, "Yayana ne, ya san aikinsa. Ki yi addu'a." Mijina ya bugo waya daga Bawku, na yi kuskuren gaya masa. Ya ce da Hausarsa ta can, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, "Yarinyan nan nawa ne ni ma fa. In hannunshi ya yi wannan abu a kanshi, me za mu ce? Zan zo da wanzam namu, shi ke nan."

Ni dama ba ni da wuyar hawa. Na ce ya zo da shi ya gani, in ban mayar da su tasha da kaina ba, da jegon da komai. A kawo baƙon wanzami gidan wanzami, a gaban duk zango? Ai gara a kwashe tsohon da mari a kasuwa. Na kashe wayar, sannan na zauna na yi kuka, don na san gaskiya mijina ya faɗa.

Sai na yanke cewa ni zan yi maganar. Kowace safiya Gwaggo tana watsa mini tafasasshen ruwa da ganye, ni kuma ina tsara jawabi a zuciyata. Jawabi mai kyau fa, da girmamawa, da hujja, har da inda zan ɗan yi shiru. In fito, in ɗaura zani, in je ƙofar zaure in durƙusa. Yana zaune yana goga aska. In buɗe baki in ce, "Baba, ina kwana." Shi kuma ya amsa wa bango, "Lafiya lau." Shi ke nan jawabin. In tashi in koma ɗaki ina zagin kaina. Ni da nake tsayar da dillalan masara a kasuwar Bawku da baki ɗaya, na kasa haɗa jimla biyu a gaban mahaifina.

Ana jibi suna, bayan la'asar, ina ɗaki ina jijjiga yarinya. Tagar ɗakin tana kallon filin da ke bayan gidanmu, inda tsohuwar rijiyarmu take da bishiyar gwanda a gefenta. Sai na ga Baba ya fito shi kaɗai, da ƙwaryar ruwa da sabulu. Ya tsinko ɗanyar gwanda, ya zauna a kan turmi, ya ɗora ta a cinya.

Na san abin da zai yi, don muna yara mun sha jin labarin. Haka kakana yake gwada masu koyon wanzanci kafin ya bar su su taɓa kan jariri. Ɗanyar gwanda ko da farce ka karce ta sai ta fitar da farin ruwa. Za a shafa mata kumfar sabulu, mai koyo ya kwashe kumfar tas da aska. In aka ga ɗigon fari ko ɗaya, to da sauransa. Baba ya kan yi alfahari cewa shi a karon farko ya wuce, abokinsa na Yendi kuwa sai da ya kusa ƙarar da gwandar unguwa.

Ya shafa kumfa, ya yi bisimilla, ya buɗe askar kakana. Wallahi ban taɓa ganin hannu mai kyau irin nasa a ranar ba. Askar tana tafiya kamar ba ta taɓa komai, kumfa tana sauka, koren gwandar yana fitowa sumul. Ya juya ta, ya yi ɗaya gefen. Ina cewa a raina, ya Allah Ka bar masa, ya Allah Ka bar masa. Har na fara jin kunyar kaina da na yi shakkarsa. Saura ɗan wuri kaɗan a sama, daidai inda maɗiga za ta kasance.

Sai kafaɗar ta zabura.

Askar ta shige cikin gwandar har rabin bakinta. Farin ruwa ya tsattsafo, ya biyo ta gefe, ya ɗiga a rigarsa. Bai ce ana zancensa a ko'ina ba. Ya zauna yana kallon wurin. Yarinyar ta yi ɗan motsi a hannuna, sai ya ɗago kai ya gan ni a taga. Tun da aka haife ni ba mu taɓa haɗa ido mai tsawo haka ba. Ban kau da kai ba, shi ma bai kau ba. Sannan ya dubi jaririyar, ya zare askar, ya goge ta a gefen rigarsa, ya naɗe.

Ina jinsa ya shigo tsakar gida ya ce wa Mma, "Ba ni wayar nan." Ya kira abokinsa na Yendi. "Kai tsoho, kana raye? To ka nemi mota. Aikin da ka fara a gidan nan bai ƙare ba. Uwar ka yi wa, ga 'yar ta zo." Sannan muryarsa ta yi ƙasa. "Hannun ne. Ya daina jin magana." Ni kuma na kira mijina na ce ya bar wanzaminsu ya huta.

Abokin Baba ya iso ran jajibirin suna, jar laka har gwiwa, don motarsu ta kafe a hanya sun yi turi. Tsoho ne siriri mai yawan barkwanci. Yana ganina ya ce, "'Yata, zo in ga kan nan, ko aikina yana nan." Mutanen Bawku na gaske su ma suka iso da ragonsu da goronsu.

Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago, aka raba goro. Sai aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida don aski. Gwaggo ta zauna da jaririyar a cinya, ni ina leƙe ta bayan labule. Abokin Baba ya kai hannu zai buɗe zabirarsa, Baba ya ce ya bari. Ya ciro askar kakana, ya miƙa masa da hannu biyu, marfi a gaba.

Baffan mijina, mutumin kirki ne bai san komai ba, ya ce, "Ah ah! Wanzam babba yana zaune, baƙo zai yi aski? Mu a Bawku mun ji labarin ƙwarewar hannunka sosai, shi muka zo gani."

Abokin Baba ya yi wuf ya ce, "Ango ba ya aske amaryarsa, Alhaji. Kunya yake ji." Mutane suka fara dariya, kuma da Baba ya yi shiru da maganar ta wuce a haka. Amma sai ya ce, a gaban maƙwabtan nan da ya yi ta ɓoye wa, "Ba kunya ba ce. Kunya ta wancan karon ce. Wannan karon hannuna ne ba shi da lafiya, yana zabura ban sa shi ba. Kan nan kuwa ba wurin gwaji ba ne."

Baffan mijina ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya, Baba," kowa ya ce amin. Abokin Baba ya tura masa ƙwaryar ruwan ɗumi da sabulu ya ce, "To aska tawa ce yau, amma ruwa naka ne. Jiƙa mata."

Baba ya matso. Ya tsoma tafinsa a ruwa ya ɗora a kan jikarsa. Ya shafa, ya sake shafawa, daga goshi zuwa ƙeya, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, wai amarya ta yi haƙuri mijinta ya tsufa. Gashin ya jiƙe tuni, amma ba wanda ya ce masa ya isa. Da ya mai da hannu zai ƙaro ruwa, abin ya zo. Hannun ya doke ƙwaryar, ruwan ya tashi ya wanke Gwaggo tun daga ɗankwali, ya fantsa wa jaririyar a fuska. Ta tsala ihu. Gwaggo ta ce, "Yaya! Sabon leshina!" Gida ya kaure da dariya, Baba ma yana yi, har hawaye suna bin gemunsa. Ni da nake bayan labule na san hawayen ba na dariya ba ne.

Sai ya koma gefe, ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu. A haka ya kalli askin tun daga farko har ƙarshe. Bakinsa dai bai zauna ba. "A hankali wajen maɗiga. Kwantar da askar. Ka bar wani a bayan kunne." Abokinsa ya ce, "Kai, ni na yi wa uwarta, ka ga kunnenta ya ragu?" Aka gama lafiya, kai sumul, ko ƙwarzane babu.

Bayan azahar, baƙi sun watse zuwa cin tuwo, ina ɗaki ni kaɗai da yarinya. Na ji takun takalmi ya tsaya a ƙofa. Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Wallahi sai da na waiga ina neman wadda ake kira, don ban san yadda sunan yake fita a muryarsa ba. Na ce, "Na'am, Baba."

Yana tsaye a bayan labule, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya ce, "Naki ban yi ba. Na 'yarki ma ban yi ba. Ki yafe mini."

Duk jawabin da na tsara a wurin wanka ya gudu. Ina so in ce masa abin da ya yi yau ya fi aski. Ina so in ce na gan shi da gwandar, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar lokacin ba. Abin da ya fito daga bakina, cikin kuka, shi ne, "Baba, ai ka jiƙa."

Na ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Sannan ya ɗaga murya yadda Mma za ta ji daga madafa ya ce, "Mutanen Bawku dai ba su iya magana ba." Ya ja takalminsa ya tafi. Bai ƙara kiran sunana ba har ya koma ga Allah bayan 'yan shekaru, da wani ciwo daban.

Na daɗe ina zaton bai damu da ni kamar ƙannena ba, tunda ba ya kallona, ba ya kirana. Sai a kwanakin sunan nan na gane cewa mutumin da ba zai iya haɗa ido da ni ba ya yarda duk zango su san rauninsa, don kada ya jefa 'yata cikin haɗari. Askar tana wurina yanzu, Mma ta ba ni. Ba wanda ke wasa ta, bakinta ya dushe.

Ashe ba ita kaɗai na gada ba. Shekarun nan kafaɗata ta dama ta fara zabura, ba kullum ba, kuma bai kai nasa ba. Na je asibiti a nan Bawku, aka duba ni, aka ce akwai irinsa da ke bin jini, nawa ba abin tashin hankali ba ne, in dai riƙa zuwa ana gani. Mijina ya hana ni ɗaukar tukunyar zafi. Na fasa kofuna ba adadi. Ya kamata in ji haushin abin, amma gaskiya duk lokacin da ya zo, tsakar gidanmu ta Salaga nake gani, da kujerarsa, da kokon nan a gaban riga. Kewarsa takan kama ni har in rasa abin da nake yi.

Yarinyar ta zama budurwa, gashin nan ya dawo ninkin wanda aka aske. Kwanaki ina yi mata kitso kafaɗata ta zabura, matajin ya tashi ya faɗa cikin kwano. Ta san labarin kakanta, sai ta yi dariya ta ce, "Mma, ana zancenki a Salaga."

Na ɗauko matajin na ce, "Wanda zai yi zancena a Salaga ba ya faɗin sunana."

Ta ce, "Ko sau ɗaya?"

Na ce, "Sau ɗaya ya faɗa. Juya kanki in ƙarasa."